Raɗaɗin Bayan Aski Ba Alamar Magani Ba Ne

Juma'a a Wudil rana biyu ce a haɗe, ga ta masallaci ga ta kasuwa. Tun la'asar ɗin Alhamis garin ke fara cika, motocin shanu na ta sauke kaya a Kara, masu shagon aski kuwa ko lokacin shan ruwa ba su da shi, don kowa na son ya wayi gari fes. A irin wannan yammaci ne, ina kan benci ina jiran layi, na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani saurayi ne a kujera, ƙarƙashin haɓarsa duk kuraje kamar an watsa gero. Mai aski ya murza wani koren sabulu mai ƙamshin na'a-na'a, ya lafta masa kumfa, ya bi da reza sama da ƙasa har wasu kurajen suka fashe, sannan ya tsiyayi sifirit a tafin hannu ya shafe masa wuya da shi. Saurayin ya damƙe hannun kujera, idonsa ya kawo ruwa. Sai mai askin ya ce, "Daure, abokina, cutar ce ke mutuwa." Mutanen benci suka gyaɗa kai. Wani dattijo ma ya ɗora da cewa shi in sabulu bai yi masa raɗaɗi ba, to asarar kuɗinsa ya yi.

Ni dai na gaji da jin wannan magana. Na ji ta a shagon aski, na ji ta a majalisa, na ji ta har cikin gidanmu. Ɗan yayata ya kwashe fiye da shekara yana yaƙi da wuyansa. Kurajen na ƙaruwa, shi kuma yana ƙara neman sabulun da ya fi na baya zafi da ƙamshi. Ranar da na ce ya jefar da su duka, kallona ya yi ya ce, "Haba Kawu, da sabulun ma yaya aka ƙare, bare babu shi?" Bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da yake kira magani shi ne rabin ciwon ba.

Abin da muke haɗawa mu kira kurajen aski ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙunar da sabulu ko sifirit ke yi wa fata nan take, akwai borin jinin da turaren cikin sabulu ke tayarwa bayan kwana ɗaya zuwa uku, akwai kuma gashin da ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Sunayensu na asibiti ba za su amfane mu a nan ba. Abin lura shi ne, duk cikinsu babu wanda ƙwayar cuta ce tushensa, kuma babu wanda zafi ke warkarwa.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ɗiga sifirit a bayan hannunka inda babu rauni. Sanyi kawai za ka ji, ya bushe, shi ke nan. To ai a nan ma yana kashe ƙwayoyin cutar da ya tarar, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ke goge damtse da shi kafin allura, kuma ba wanda ya taɓa kuka saboda gogewar. In da zafin nan mutuwar cuta ce, da a bayan hannun ma ka ji shi. Ba ka ji ba saboda fatar wurin lafiyarta ƙalau. A haɓa kuwa reza ta riga ta kankare saman fata, ta bar ƙananan yanka waɗanda ido ba ya gani, jijiyoyin jin zafi suna nan a buɗe. Abin da raɗaɗin ke gaya maka kenan: an ji maka ciwo. Bai ce komai game da ƙwayar cuta ba.

Masana sun bi diddigin wannan har ƙarshensa. A 1997 wani Ba'amurke mai suna David Julius ya yi amfani da sinadarin da ke sa barkono yaji, ya gano ƙofar da ke jikin jijiyoyinmu wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi. Wannan aikin ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2021, shi da Ardem Patapoutian. A al'ada wannan ƙofa ba ta buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 42. A 2002 aka gano cewa sinadarin da ke cikin sifirit yana sauko da wannan iyaka zuwa wajen digiri 34. Jikin ɗan Adam kuwa 37 yake. Ka ga ke nan ɗumin jikinka na yau da kullum ne jijiyar ke ɗauka a matsayin wuta. Ruɗi ne aka yi wa jijiya, mu kuma muka ɗora masa fassarar da ta yi mana daɗi.

Sanyin nan na sabulu mai na'a-na'a ma ɗan'uwan wannan ruɗin ne. Mentol ɗin da ke cikinsa ba ya sanyaya fata ko kaɗan, wata ƙofar ce yake taɓawa, ta jin sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an ɗora ƙanƙara. Kirfa na da nata tsikarin, kanumfari na da nasa. Masu yin sabulu sun san mai saye na son ya ji wani abu na motsi a fuskarsa, shi ya sa suke zuba su. Kai kana cewa sabulun na aiki, su kuwa sun san abin da ke aiki shi ne aljihunka.

Shi kansa sabulun, ko babu turare, ba abokin fatar da aka kankare ba ne. Da mai da soda ake yin sa, ko da mai da ruwan toka irin na sabulun salo. A ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH, fatar mutum na wajen 5, wato tana da ɗan tsami-tsami, kuma wannan tsamin da ɗan maiƙon da ke kanta su ne garkuwarta. Sabulun gama-gari yana tsakanin 9 da 10. Yana wanke maiƙon, ya kawar da tsamin, sai fata ta yi sa'o'i kafin ta dawo daidai. A fata mai lafiya wannan ba wani abu ba ne. A wadda aka bi da reza yanzu-yanzu kuwa, musamman cikin hunturu da iskar bakin kogi ke busar da mutum har leɓe ya tsage, ƙofa ce aka wangale wa duk abin da ke cikin kumfar. Kada ma a yi zancen masu aski da sabulun wanki na soda, wanda ke cin hannun mai wankau.

Yanzu ga inda mutane suka fi ɓata. Turaren cikin sabulu ba lallai ya nuna halinsa a ranar ba. Mutum zai yi wata da watanni yana amfani da sabulu guda lafiya lau, jikinsa na ta haddace sinadarin a ɓoye, rana ɗaya sai ya juya masa baya. Daga nan duk lokacin da suka haɗu sai rikici, amma ba nan take ba. Ka yi aski Alhamis da daddare, ka je masallaci Juma'a ba abin da ke damunka, sai Asabar ko Lahadi wuya ya ɗau ƙaiƙayi, ya yi ja ko ya yi duhu, ya fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa, daga baya ya yi saɓa. Wa zai tuna da sabulun shekaranjiya? Sai a ce kilifa ce, ko kifin da aka ci a bakin gada, ko zafi ne ya taso. Sai kuma a koma wa sabulun nan dai don a wanke "cutar". Garin neman gira ake rasa ido.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Tarayyar Turai ta ware sinadaran ƙamshi 26 da aka tabbatar suna tayar da borin fata, ta tilasta a riƙa rubuta sunayensu a jikin kwali tun 2005, kuma a 2023 ta faɗaɗa jerin ya kai wajen 80. Cikinsu akwai na kirfa, na kanumfari, na ɓawon lemo, na furanni, wato abubuwan da mu za mu kira na Allah da Annabi, ba haɗin bature ba. Akwai kuma wani miski na haɗi da aka daɗe ana zubawa a ruwan shafawa na bayan aski, sai a ƙarshen shekarun 1970 likitoci suka lura maza na zuwa da fuska a ƙone daidai inda rana ke bugu. Haɗuwar miskin da hasken rana ce ke jawo hakan, daga baya aka hana amfani da shi. Su can da ranarsu ba ta taka kara ta karya ba kenan. Ka auna wanda zai shafa ruwan lemon tsami ko turare mai man lemo a wuya, ya fita Kara ya wuni cikin ranar bazara. A kasuwarmu kuwa sabulai nawa ne ake sayarwa tsirara, ba kwali, ba suna, ba lambar NAFDAC? Masu kwalin ma sau da yawa kalma ɗaya za ka gani, parfum, alhali a ƙarƙashinta sinadarai ne gommai.

Su kuma kurajen nan masu tauri na ƙarƙashin haɓa, waɗanda ake ɗora wa kilifar mai aski laifinsu, gashinka ne da kanka. Gashin baƙar fata a murɗe yake fitowa. In reza ta yanke shi ƙasa-ƙasa, sai ta bar masa tsini kamar ƙaya, yana tsirowa yana lanƙwasa har ya soki fatar da ke kusa, ko ma ya kasa fitowa ya huda ta ciki. Jiki ya ɗauke shi baƙo, kamar sartse, ya taru a kansa ya kumbura. Shaida? Wanda ke aski a gida da sabuwar reza fil, wadda ba wanda ya taɓa, shi ma yana yin su. Kuma duk wanda ya daina aski na wata guda, yawancinsu kan kwanta ba tare da ya sha ko ƙwaya ɗaya ba. Wace irin cuta ce barin gemu ke kashewa? Rundunar sojan Amurka ta sha fama da wannan a tsakanin baƙaƙen sojojinta, har likitocinta suka riƙa ba da takardar izinin barin ɗan gajeren gemu, don sun ga ba sabulun da ke maganinsa. Duk wanda ke ganin samarin Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil ya san aikin ɗamara na son fuska a share, kuma masu irin wannan aiki su suka fi kowa buƙatar sanin yadda za su lallaɓa fatarsu.

To sabulun da aka rubuta wa "mai kashe ƙwayoyin cuta" fa? A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a irin waɗannan sabulai na wanka da wanke hannu, saboda kamfanonin sun kasa kawo hujjar cewa sun fi sabulu da ruwa zalla amfani. Mu nan har gobe ƙamshin asibitin da ke jikinsu muke saye. Wasu ma na ɗauke da makuri, wanda aka haramta, mai bi ta fata ya je ya taɓa ƙoda.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne inda wannan tunani ke kai mutum in ya yi nisa. Wanda ya yarda zafi magani ne, in sabulu ya gaza sai ya nemi abin da ya fi shi. Na ga wanda ya shafa ruwan wanke banɗaki ba sirki. Na ga mai man goge baki, na ga mai baƙin mai, na ji labarin masu man birki da ruwan batir, musamman a kan kurajen ƙeya. Jama'a, wannan wace irin ƙiyayya ce mutum ke yi wa jikinsa? Amana ce fa aka ba ka. Kurajen ƙeya in suka haɗe suka yi tudu, gashin wurin ya tafi kenan, kuma ƙuna ba abin da take ƙara musu sai tabo. A fuska kuwa, fatarmu duk inda ta ƙone baƙi take bari, baƙin da kan yi watanni bai gushe ba. Daga nan sai a faɗa wa man bilicin don a goge tabon, abin da NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Masu aski, ku ma da ku nake. Na san wanzami ba ya son jarfa, amma gaskiya ɗaya ce. Sifirit na da wurinsa, wurin kuwa shi ne jikin ƙarfe: a kakkaɓe gashi da buroshi, a jiƙa bakin kilifa sosai, a bar shi ya bushe. Fesawa sau ɗaya da wulga ashana ba tsafta ba ce, wasan kwaikwayo ne. Fetur da kananzir ba sa kashe abin da ake tsoro. Abin tsoron kuwa na gaske ne, don ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya kwana bakwai a busasshen jini tana da rai, kuma fashe kuraje da reza hanya ce aka share mata. Reza ɗaya, mutum ɗaya, a ɓare ta a gabansa. Wanzaman da ke yawo da zabira ma haka, askar da ta taɓa jinin wani ba ta wuce kan wani sai an tsarkake ta da gaske. Buroshin kumfa da tawul ɗin da suka zagaya wuya ashirin tun safe su ma a duba su.

Kai kuma mai wuya, in yanzu haka kana cikin ciwon, abu na farko ka ajiye reza. Sati uku zuwa huɗu, ba gyaran fuska, ba fitar da layi, don daidai layin nan na wuya da kumatu ne kurajen suka fi so. In gashin ya dame ka, a rage shi da almakashi ko kilifa mai takalmi. Ka tattara duk wani abu mai ƙamshi da ke taɓa wurin ka kawar: sabulun, hodar, ruwan bayan aski, har man shafawa. Ka wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar turare, kaɗan, ka ɗauraye sosai, ka dangwala tawul ba gurzawa ba. Kana gamawa ka shafa basilin fari marar ƙamshi ko man kaɗanya tsantsa, ba wanda aka kwaɓa da turare don ɓoye warinsa ba. Kada sunan "na jarirai" ya ruɗe ka, da yawansu sun fi na manya ƙamshi. Kada kuma "na gargajiya" ya ruɗe ka. Sabulun salon da aka cuɗa da lemon tsami da kanumfari da kurkur da abin da mai haɗin kaɗai ya sani, ba shi da wurin zama a kan fatar da ke ciwo.

Gashin da ka ga ya yi baka ya shige, ka ɗora tsumma mai ɗumi na 'yan mintuna, ka zagaya wurin a hankali da buroshin haƙori mai laushi wanda ka ware don haka. In bakin gashin na gani, a ɗago shi da tsaftatacciyar allura, amma kada a tuge, don wanda zai tsiro a madadinsa daga can ciki zai fara huda. Matsa kuraje da farce kuwa tabo kake saya.

Ranar da za ka koma aski, ka yi shi bayan wanka, lokacin da gashi ya sha ruwa ya yi laushi. Ka shafa hannu ka gane inda gashinka ya kwanta, ka bi shi, kada ka tare shi. A wuya sau da yawa ba ƙasa yake kallo ba, gefe yake yi, wani wurin ma juyawa yake. Kada a ja fata a miƙar da ita don aski ya yi sumul, saboda in aka saki, tsinin gashin ciki yake komawa. Rezar nan mai baki uku ko biyar da ake tallatawa, aikinta ta ɗago gashi ta yanke shi ƙasa da fata, abin da kake gudu kenan. Mai baki ɗaya ta fi, kilifar da ke barin ɗan tsawon milimita guda ta fi su duka. Bi ɗaya ya isa, ba sai an koma sau huɗu ana neman santsi ba. Kuɗin da kake kashewa kan sabulai da mayuka a shekara ya isa ka sayi kilifarka ta kanka. Hodar aski, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana taimakon wasu saboda ba ta barin tsini, amma narkar da gashi take yi, in ta wuce mintunan da aka rubuta fata za ta ci, kuma ba a ɗora ta kan ƙurji ko yanka. Alimun na tsayar da ɗan jini, a dangwala a ɗauraye, kada a mai da shi abin gurza.

Sabon sabulu ko mai, kafin ya hau fuskarka, ka gwada shi a lanƙwasar gwiwar hannu, safe da yamma, har sati guda. In wurin ya yi ƙaiƙayi, ka bar wa wani. Turare kuwa ba wanda ya ce ka bari, sunna ce ranar Juma'a kuma adon Bahaushe ne. A riga ake sa shi da hula, ba a wuyan da aka aske da safe ba. Ka lura ma da wuyan kaftani mai tauri da gefen hula, in suna gugar ƙeya.

Sai man nan na kemis da ake ce wa mai aiki uku, wanda kowane yaron shago ke miƙo wa mai ƙaiƙayi. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsa. Kwana biyu za ka ga kamar an yi ruwa an ɗauke, kana dainawa abin ya dawo da ƙarfinsa, in ka zarce kuma fatar ta yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, ta fito da wasu kurajen na daban. Ba na fuska ba ne sai da umarnin likita. In ka ga mugunya, ko kumburi mai zafi, ko zazzaɓi, ko kurajen ƙeya sun fara tauri suna haɗewa, ko ka yi wata guda kana kiyayewa ba sauƙi, Babban Asibitin Wudil na nan, kuma daga nan ana iya tura ka wurin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar da ba ta kai ta yini ba. In kuwa leɓe ko fatar ido suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa bayan ka shafa wani abu, wannan ba ya jiran wayewar gari.



Ɗan yayata dai sai da hutun makaranta ya zo ya yarda ya bar gemunsa, shi ma don ba ya fita ne. Cikin sati na huɗu kurajen suka kwanta. Baƙin tabon har yanzu yana nan a gefen maƙogwaro, yana dusashewa a hankali. Yanzu da kilifarsa yake zuwa shago a cikin leda. Alhamis ɗin da ta wuce mun haɗu a can, aka gama masa, mai askin ya ɗauko kwalbar sifirit bisa sabo, yaron ya tare hannunsa. Mai askin ya juyo wurina ya ce, "Malam, wannan ɗan naka raki gare shi." Sannan ya kira na gaba.